Hannun da Mai Tukunya Ya Miƙa wa Tarwaɗa

Zuwa ga Inna, a makwancinki da ke bayan garin Azare.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan rahamar Allah ta riga wannan takarda isowa gare ki.

Bayan haka, motar majigi ta dawo Azare. Ta iso jiya daga Gamawa, mai shela ya zaga gari ya ce za a yi wasa ranar Asabar bayan sallar isha'i a filin da aka saba. Na tambayi mai kunna injin abin da ya zo da shi. Ya ce akwai na adana gyaɗa, akwai na allurar shanu, akwai kuma gajeren zanen nan na ban dariya, na mutumin da ya shiga ƙarƙashin teku da tukunyar ƙarfe a kansa. Saboda na ƙarshen nake rubuto miki. Ina da gyara da zan yi, kuma a aikinmu na jarida, kuskuren da aka yi a gaban mutane a gaban mutane ake gyara shi.

Ke ba kya bukatar tuni, amma masu karatu suna bukata, don haka ki yi mini haƙuri in maimaita. Wani siririn mutum ne abokinsa ya zura shi cikin ruwa da igiya, yana tura masa iska ta wani dogon bututu. Abokin ya yi ta gyangyaɗi. In ya yi barci sai mutumin ya yamushe, in ya farka ya tura iskar da ƙarfi sai mutumin ya kumbura kamar salka. A haka ya faɗa tsakiyar walimar kifaye. Ya miƙa hannu ga wata ƙatuwar tarwaɗa mai gashin baki, ta share shi da wutsiya. Ya sa hannu a akushinsu, ƙaguwa ta kama shi a wurin zama. Ya ƙyasta ashana, ta kama, a cikin ruwa. Daga ƙarshe wata dabba mai hannu takwas ta jera masa mari takwas, ta cilla shi sama, ya faɗo kan abokinsa. Duka wasan bai kai tsawon tafasar shayi ba.

Shekara bakwai ke nan da muka gan shi, lokacin na zo hutu daga Zariya. An kafa itace biyu, an ɗaura farin ƙyalle a tsakani. Maza muka zauna ta gefen injin. Ku mata aka ba ku bayan ƙyallen, tunda hasken yana ratsawa kuma babu mai ganinku. Ya Falmata, maƙwabciyarmu 'yar Barno, ta ce kin yi dariya har sai da ta riƙe miki mayafi.

Da safe aka fara shari'a. Baba ya ce an zalunci baƙo. Mutum ya yi sallama, ya miƙa hannu, an amsa masa da wutsiya. Kin san shi, tun da aka haife shi a Katagum kusa da kogi, duk abin da ya shafi ruwa, daga gulbi har randar tsakar gida, yana ganin shi ne alƙalinsa. Ya ce ya san halin tarwaɗa tun yana yaro, ba ta da kirki.

Ke kuwa kina tankaɗe kika ce, “Wanda ya shiga gidan mutane ya miƙa wa mai gida hagu, ya kuma ci da hagu, ai mari takwas sauƙi aka yi masa.”

Baba ya ce dama ya miƙa. Kika ce hagu. Ya ce shi tela ne, sana'arsa ke nan bambance hannun riga na dama da na hagu. Kika ce to ranar dai bai zo da sana'ar ba.

Abin da ya ba ni mamaki har yau, babu wanda ya damu da ashanar. Ni kaɗai na kawo maganar cewa wuta ba ta kamawa a cikin ruwa. Kika dube ni kika ce duk macen da ta taɓa hura ɗanyen itace a tsakiyar damina ba za ta yi mamakin wannan ba. Baba kuma tambayarsa ɗaya ce game da mai hannu takwas, wai da wanne take cin abinci.

Kafin mako ya zagayo garin ya rabu biyu. A rumfar teloli, mai tukunya mutumin kirki ne da ya faɗa hannun marasa mutunci. A wajen suna da wajen daka, marar tarbiyya ne da ya samu daidai da shi. Da aka gaya wa Baba duk matan unguwa sun ce hagu ne, sai ya ce sun haɗa baki. Motar kuwa ta riga ta wuce Chinade, babu wanda za a tambaya.

Sai kuka kira ni shaida, don ni ne na yi makaranta. A nan laifina yake. Na ɗauko ɗan littafin aljihuna, na karanta muku abin da na rubuta a wurin: ya miƙa hannun dama. Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa ido yakan raunana in shekaru sun ja. Da na dawo hutu na gaba, na kawo miki tabarau daga Kano a cikin gidansa mai ƙyalli, ina jin na yi abin kirki.

Ba ki taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari, ranar ma ba ki kira ba. Kin karɓa, kin ce a gode wa na Zariya, kin jefa shi cikin kwanon jere kin rufe. Da yamma, rana ta kusa faɗuwa, Baba yana ta fama da allura, zaren ya ƙi shiga. Kika karɓa, kika zura sau ɗaya, kika miƙa masa da hannun dama, kika koma madafa. Na rubuta rahotanni da yawa tun daga lokacin, ban taɓa ganin martani mai kyan wannan ba.

Duk da haka Baba bai janye ba. Duk sanda kika ce kin ga wani abu, ko ɓera a rumbu ko hadari a gabas, sai ya ce a ɗauko mata tabarau. Kina dariya, amma na lura daga baya kin daina cewa kin gani, sai dai ki ce an ce.

Watan jiya a Zariya aka nuna wannan zanen. Na makara, gaba ya cika, na tsaya ta bayan ƙyalle wajen masu sayar da gyaɗa. Mai tukunya ya sauko, ya tunkari tarwaɗa, ya miƙa mata hannun hagu. Inna, hagu sosai, babu shakka a ciki. Na kutsa da sauri na zagaya gaba, na taka ƙafar mutum biyu, na tarar yana cin abinci da dama. Na koma baya, yana ci da hagu. Sau uku na zagaya, har wani dattijo ya tambaya ko na ɓatar da wani abu. Hoton da ya ratsa ƙyalle yakan juya, kamar tambarin da aka duba ta bayan takarda. Ni da nake wuni a ɗakin ɗab'i, inda kowane harafi a juye ake jera shi, ya kamata a ce na gane tun ranar farko.

Saboda haka ga gyaran. Abin da kika ce kin gani, shi kika gani. Idonki lafiyarsa ƙalau, haka ma na Ya Falmata da sauran matan unguwa. Shaidar da na bayar rabin labari ce, don a gefe ɗaya na zauna ban tambayi mutanen ɗaya gefen ba.

Na gaya wa Baba shekaranjiya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce kowane ƙyalle yana da fuska yana da ciki, kuma babu mai yanke wa riga hukunci ta cikinta. Na ce ban zo kan wane gefe ne na gaskiya ba, na zo ne kan ko kin gani daidai. Ya gyara tabarau a hancinsa. Naki ne. Tun bayan rasuwarki ya fito da shi daga kwanon jere, da shi yake zura allura.

In kina son ra'ayina kan wasan, yanzu da na gan shi ta fuska biyu, ta wajenku ya fi daɗi. Ta gaba, ana dukan mutum babu dalili, dariyar tana zuwa da ɗan nauyi. Ta baya, kowane mari yana da hujja. Kun fi mu samun wasa mai ma'ana, kuma kun fi mu dariya. Ina jin muryarki a cikin dariyar da ta taso ta bayan ƙyalle a wancan karon na Azare, sai dai lokacin ban san taki ce ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya yafe mini gaggawar da na yi a kanki. Allah ya sa in mun haɗu a gefe ɗaya za mu zauna.

Ɗanki,
Na Zariya.

Ƙarin bayani: Ya Falmata ta aiko yanzu cewa Baba ya kai mata tabarmarsa da safe, ya ce ta shimfiɗa masa ita ranar Asabar ta bayan ƙyalle, can gefe inda ba zai takura wa mata ba. Na tambaye shi, ya ce tabarmar wanki take bukata. Har zuwa lokacin da na rufe wannan takarda, bai tabbatar da inda zai zauna ba.