Na ce Rabi tana da iska don kada ta bar ni da tukunya

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, a kuma yi haƙuri da rubutuna, a yaƙi da jahilci na koye shi ina da ƴaƴa huɗu. Kada ku yi saurin zagina, ni ma ban bar kaina ba.

Bazarar bara ce, shekarar da ruwa ya yi jinkiri har dattawa suka daina maganar shuka. Ina dafa abinci a kantin ɗin wata lakwal, wato madafar ƴan makaranta, kusa da Tibiri, ni da abokiyar aikina, bari in kira ta Rabi. Shekara shida muna kan murhu ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ita ta yi lakwal, tana jin faransanci, ni kuwa hausa kaɗai nake karantawa, duk takardar da darakta ya aiko ita ke karanta mini a asirce. Tun da bayana ya fara ciwo kuma, ita ke sauke babbar tukunya.

Wata rana muna tsintar shinkafa ta ce, "Yaya, wani proje na agaji a Dogon Dutsi na neman mai dama wa yara masu tamowa kunu. Sun ce in ba da lambar wanda ya san aikina. Taki zan sa a dosiyen neman aikin."

Na ce, "Sa mana, wa ya san ki kamar ni?"

"Ki dai ce musu ban taɓa ƙona wake ba."

"Wannan ƙaryar kam ba da ni ba!" Muka yi ta dariya.

Bayan sati biyu madam ɗin proje ta kira salulata. Na yabi Rabi, na ce tana da tsafta da haƙuri. Sai ta ce, "Akwai abin da ya kamata mu sani? Jarirai za mu ba ta." Na dubi tukunyar nan tana tafasa, na tuna bayana, na tuna takardun darakta. Idan ta tafi wa zai rufa mini asiri? Sai na ji bakina na cewa, "Sai dai danginta mutanen wajen Lugu ne, ƴan bori, iska kan taɓa ta, ta taɓa faɗuwa a madafa." Jama'a, sau ɗaya ta faɗi, cikin azumi, zazzaɓi na cin ta, ni ce ma na yayyafa mata ruwa. Wace iska? Madam ta ce, "To, mun gode."

Ba a ɗauke ta ba. Rabi ta zo mini da kwanon kopto, kwaɗon zogale, ta ce, "Yaya, Allah bai yi ba. Na san kin yi iyakar ƙoƙarinki." Na ci. Wallahi na ci, ina ce mata ta yi haƙuri. Shekara guda ke nan kullum tana sauke mini tukunya, babbar ɗiyarta kuma ta bar lakwal tana tallan gyaɗa.

Shekaranjiya Rabi ta zo da murna. Likitar Tibiri, wato asibitin garin, na neman mai dafa abinci. Ta ce, "Sunanki zan sake sawa. An ce madam ɗin bara na cikin masu zaɓe, tunda ta san muryarki abin zai zo da sauƙi."

Washegari na riga ta zuwa madafa. Na nemo lambar madam, na danna, ta yi ƙara sau biyu, na kashe. Na kama babbar tukunya zan ɗora ni kaɗai, sai ga Rabi ta shigo da gudu: "Haba Yaya, ina raye? Ajiye!" Na ajiye.

Idan na ce wa madam ƙarya na yi, za ta yarda da shaidata ta biyu? Idan na faɗa wa Rabi, da wane ido zan dube ta? Ranar Litinin za ta kai dosiyen. Me zan yi?