Launin Fuskar Umma

Nassarawa GRA, Kano
4 ga Mayu

Yaya Zubairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aikin asibiti, ya zafin Dutse? Mu nan alhamdulillahi, sai dai jikin Abba.

Kada ka yi min dariyar rubuta wasiƙa. Gurup ɗin gida ne ya ishe ni, shi ya sa na ba Malam Lawan direba wannan. Mantuwar Abba ta ƙaru, shekaranjiya da sunan ƙanwarsa ya kira Yaya Ummi. Kai ka ce a rataya masa hotunan waɗanda ya sani, to ka san Umma da kyamara, Allah ya jiƙanta, ko a biki juya baya take yi. Ban da na fasfo, wanda ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi, ba mu da komai sai zanen fensir ɗin da na yi mata a sace tana tsinke zogale a baranda. Shi kuma Abba wuce shi yake yi, idonsa ba ya kama shi. Dole a sa masa launi.

Na ɗauki hoton zanen na sa a kwamfutar da ka sayo min, tunda a can duk abin da ka ɓata dannawa ɗaya zai koma. Kuskurena, na tura gurup. Yaya Ummi ta ce na yi mata baƙi da yawa, in haska ta. Khadija, autarmu, ta ce a goge billen kumatunta kada ƙawayenta su gani. Kai ma, likita bokan Turai, ka ce a rage mata rama. In na yi gardama sai a ce ai dannawa ce kawai. Ni kuma sai in danna, don dannawar ce.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Nabiha

19 ga Mayu

Yaya Zubairu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin ƙaramar, zazzaɓin ya sauka?

Yaya, garin neman gira mun rasa ido. Gyara na goma sha tara kowa ya amince da shi. Na kai Hotoro aka buga shi babba, aka sa gilashi, muka kai wa Abba. Ya dube shi da kyau, ya tambayi amaryar wa ce, ya ce a mayar wa masu shi kada su yi ta nema. Yaya Ummi ta fita tana kuka, kamar ba ita ta ce a haska ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali ban faɗa wa kowa ba. Na koma in dawo da launin farko, sai na kasa yarda ko shi ɗin ma daidai ne. Kwamfutar ta jera min ruwan ƙasa iri ɗari, na yi ta dubawa ban san wanne ne na uwata ba. Shekara biyu kacal da rasuwarta, Yaya. Tsoro nake ji.

Na fito da fentin ruwa da buroshin da na ajiye tun jami'a. Sau biyar ina kwafar zanen a takarda mai kauri, fuskar ta ƙi zuwa. Saura ainihin takardar, ga ta shara-shara, in ruwa ya taɓa ta babu komawa baya. Yaya Ummi ta rantse in na ɓata ba za ta yafe min ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma kullum Abba ƙara nisa yake yi. Ka ba ni shawara, ko da yake na san cewa za ka yi in bari.

Taka,
Nabiha

26 ga Mayu

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Saƙonka ya iso bayan na riga na yi.

Ranar Litinin bayan azahar na kulle ɗaki na yi bismilla. Ban zaɓi launi ba, haɗawa na yi ta yi a faranti, ja da ruwan ƙasa da ɗigon shuɗi, har hannuna ya tsaya da kansa. Fuskar ta fito, da billenta, da ramarta. Amma takardar ta kumbura, koren mayafin ya malale ƙasa ya cinye hannuwanta gaba ɗaya. Hannun Umma ya tafi, Yaya, ni na cire shi. Yau kwana bakwai Yaya Ummi ba ta amsa gaisuwata.

Haka na kai wa Abba yana zaune a gindin mangwaro. Ya karɓa da hannu biyu, bai ko ɗauki tabarau ba ya ambaci sunanta, Asabe. Ya yi kusan rabin awa yana magana, rabon da in ji haka tun bara. Ya ce a Ringim aka yi mata billen nan, ya ce ba ta taɓa barin kowa ya dafa masa zogale ba. Har dariya ya yi. Ni ina durƙushe ina kuka, ina cewa a raina ko ba a yafe min ba na ci riba.

Sai ya juyo ya dube ni da irin ladabin da yake yi wa baƙi, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. A ina kika san matata? Ke 'yar gidan wa ce?”

Na ce masa 'yar maƙwabta ce. Ya ce in gaida iyayena.

Ka zo, Yaya, tun yana gane ka. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Nabiha