Baba, Injinka Ya Tashi

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin wadda nake yi maka da safe a durƙushe a bakin ƙofar ɗakinka. Na ɗauki biro zan rubuta ina fatan kana lafiya, kamar yadda aka koya mana buɗe wasiƙa a makaranta, sai na tuna ba haka ake ce wa wanda ya riga mu ba. Ina fatan kana cikin rahamar Allah. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma tun jiya bakina cike yake da labari, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Baba, injinka ya tashi! Injin ban ruwan nan ja da ka sayo a kasuwar Mafara, wanda kowa a Bakura ya ce ya mutu. Jiya Litinin ya jawo ruwa daga gulbi har cikin fadamarka. Kuma ni na tashe shi, da hannuna. Ka yarda? Ni da ba na iya ɗaga ido in kalli baƙo?

Bari in bi a hankali kada in rikita maka labarin. Mutanen gida duk lafiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, kuma akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu. Katangar bayan gida ta zube da damina, an tayar da ita. Abin da bai yi daɗi ba shi ne fadama. Ranin da ya biyo bayan rasuwarka, ƙanenka Baffa Sani ya fito da injin daga zaure, ya zuba masa mai, ya yi ta jan igiya har kafaɗarsa ta riƙe. Injin sai ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ya kai shi wurin wani mai gyaran babur, aka canja fulogi, aka sake ja, shiru. Mai gyaran ya ce inji ya tsufa, a haƙura. Haka fadamarka ta wuce rani guda babu ko tsiron albasa, maƙwabta na ɗaure awakinsu a ciki.

Bana Baffa ya zo ya zauna da Inna. Ya ce shi ba shi da inji, kuma fadama ba inji fili ce kawai. Akwai wani mutumin garin Dakko mai injuna biyu da ke son a ba shi ita ya noma shekara uku. Injin kuma a ba masu sayen tsohon ƙarfe in sun zo ran Talata. Baffa ba mugunta yake nufi ba, ka san shi. Amma da ya fita Inna ta ce mini gonar da ta yi shekara uku a hannun wani da wuya ta san hanyar gida. Ta ce in fadama ta tafi babu abin da zai riƙe mu a Bakura, sai mu tattara mu koma garin Kaya wurin su Kawu. Duk da haka, ka san abin da ta yi? Ta yafa irin albasa a bayan madafa, tana ba shi ruwan wanke-wanke. Na tambaye ta ina za ta dasa shi, ta ce in ƙyale ta.

Yanzu labarin makaranta. Na shiga ajin farko na babbar sakandare, kuma bana an ce kowane ɗalibi sai ya zaɓi sana'a ɗaya ya koya tare da karatu. Akwai ɗinki, akwai girki, akwai haɗa wutar sola, akwai gyaran ƙananan injuna. An gyara tsohon sito an mai da shi ɗakin koyon aiki, da tebura na ƙarfe da sifanu rataye a bango kowace da gurbinta. Ranar zaɓi 'yan matan ajinmu suka yi layi wajen ɗinki. Ni ma can na nufa. Sai na ji an tayar da wani inji a sito, ƙararsa irin ta naka sak, warin fetur ya bugi hancina. Ban san lokacin da na rubuta sunana a takardar injuna ba. Ni kaɗai ce mace cikin maza goma sha tara. Ƙawata Murja ta ce wai ko aljanin ƙarfe ne ya shafe ni. Mazan kuwa suka sa mini suna Hajiya Baƙin Mai, in na shigo sai su ce a ba Hajiya hanya kada hijabinta ya sha girisi.

Malaminmu sunansa Malam Ishaya, Kirista ne, daga Mafara yake zuwa kullum a babur. Ba ya son a kira abu da "wancan abin", sai ka faɗi sunansa. Baba, da ka ga abin da ke cikin inji! Na kwance kafireta na ga ƙofar da mai ke bi, ba ta fi kan allura ba. Na koyi duba fulogi in san ko yana ba da wuta. Na koyi jin baƙin mai tsakanin yatsu in gane ya gaji. Duk shekarun da nake kai maka abinci fadama ina ganin kana tsugune gaban injin nan, ashe wannan duniyar kake kallo? Me ya sa ban taɓa tambayarka ba?

Wata rana Malam ya tayar da injin makaranta, ya ce inji kamar mutum yake, yana ci, yana shaƙar iska, kuma dole ya fitar da numfashi. Sai ya ɗauki tsumma ya danne bakin salansa, wato bututun da hayaƙi ke fita. Injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Yara suka yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don haka injinka ya yi a hannun Baffa.

A nan ne zan faɗa maka abin da na ɓoye. Ka tuna al'adarka duk ƙarshen rani? In ka gama ban ruwa sai ka wanke injin, ka juye mansa, ka sami totuwar masara ka toshe bakin salansa, saboda zanzaro kada ya shiga ya gina ɗakinsa na laka. A shekarar ƙarshe ciwo ya kwantar da kai kafin ka yi. Ka kira ni, ka ce Uwata, ɗauki totuwa ki toshe mini bakin injin nan. Na ɗauka, na ɓoye ta cikin hijabi, na je zaure. Sai na tarar ya cika da maza masu zuwa dubiya, injin kuma yana can kusurwa bayansu. Sai in ratsa su in tsuguna a tsakiyarsu? Kunya ta hana ni. Na koma na jefa totuwar a murhu. Da ka tambaye ni na ce na toshe. Ka ce Allah ya yi mini albarka. Baba, ƙarya na yi maka, kuma ka sa mini albarka a kanta. Na yi niyyar in koma in zaure ya watse, sai jikinka ya tsananta, komai ya fita daga kaina. Ko da Baffa ke fama da igiya ban haɗa abin da totuwa ba, sai ranar da Malam ya danna tsumman nan.

Kwana uku ina juya yadda zan yi wa Malam magana, don ban taɓa furta masa kalma ba bayan amsa suna. Ran Alhamis na tsaya bayan an tashi, na ce muna da inji a gida, ina jin na san ciwonsa. Ya ce in kawo shi Litinin, amma da sharaɗi: shi ba zai taɓa ba, ba kuma namijin da zai taɓa, wannan ne gwajina na zangon nan. Inna ta roƙi Baffa ya kai shi. Ya yi dariya ya ce boko ya kai inda ya kai, tunda yanzu ɗiya mace ce za ta tayar da abin da ya gagari bakanike. Amma ya ce zai kai, don gobenta Talata ce, ko ba komai an rage wa masu tsohon ƙarfe tafiya.

Jiya da hantsi ya ɗauro shi a bayan babur ya sauke a ƙofar sito, ya tsaya ya harɗe hannu. Mazan ajinmu suka kewaye ni. Na fara da abin da aka koya mana, bi da bi. Na zubar da tsohon fetur da ya koma ja. Na wanke kafireta, na goge fulogi, na canja baƙin mai. Sannan na ɗauki sifana na nufi salansa. Notin ya yi tsatsa, ya ƙi. Wani yaro ya miƙo hannu, Malam ya ce ya mai da hannunsa aljihu. Na ɗiga mai, na jira, na sa ƙarfina duka, sai ya juya. Da salansar ta fito na ji nauyinta ya fi ƙima. Na leƙa. Baba, cike take da jar laka, ɗaki kan ɗaki, ta bushe kamar bulo! Na buga ta a ƙasa, laka na zubowa da busassun gizo-gizo da zanzaro ya tara wa 'ya'yansa. Na zura waya na yi ta sakata har na hango haske ta ɗaya bakin.

Baffa ya tsuguna ya ɗauki lakar yana murzawa. Ya ce Allah ya ji ƙan Yaya, shekara da shekaru bai taɓa barin bakin injin nan a buɗe ba, ciwo ne ya mantar da shi. Na ji ba zan iya bari a ɗora maka ba. A gaban Malam da maza goma sha tara na ce ba ka manta ba, ni ka aika, ban yi ba, na kuma ce maka na yi. Baffa ya dube ni. Sai ya ce to ai ban gama aikena ba ke nan, in mai da ƙarfen nan mu gani.

Na mayar, na ɗaure. Malam ya sa aka cika cikin famfon da ruwa aka jefa mesa a duro, don ba a tayar da injin ban ruwa a bushe. Na taka shi da ƙafa kamar yadda kake yi. Ja na farko, shiru. Na biyu ya yi tari. Na uku ya kama! Ya tofar da sauran ƙurar laka, ya yi baƙin hayaƙi, sannan muryarsa ta daidaita, ruwa ya yi tsalle daga mesa ya jiƙe Baffa daga hula har takalmi. Yara suka ɗauki ihu suna Hajiya ta yi, Hajiya ta yi. 'Yan ɗinki suka fito da almakashi a hannu, Murja na rangaɗa guɗa a tsakar makaranta har shugaba ya leƙo. Malam ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce in share wurin in mai da kowace sifana gurbinta.

Da la'asar muka kai shi fadama. Inna ta yafa mayafi ta biyo mu, ita da rabonta da wurin tun kana da rai. Ruwa ya hau daga gulbi ya bi tsohuwar hanyar da ka haƙa, yana ture busasshiyar ciyawa, ƙasa na sha tana ƙara. Inna ta tsaya a kan kunya tana kallo, ba ta matsa ba har ya taɓa ƙafarta. Yau da safe masu tsohon ƙarfe suka yi sallama, Baffa ya fita ya ce su yi haƙuri, marar lafiya ya warke. Ya kuma aika wa mutumin Dakko cewa fadama tana da masu ita. Shi zai riƙa noma mana, amma ya ce inji ba ruwansa, nawa ne, ko tari ya yi ni za a kira. Ba za mu koma Kaya ba, Baba. Muna nan.

Ka yafe mini? Na san da kana nan da tuni ka yi dariyar nan taka marar sauti ka ce in tashi. Amma ina so in roƙa da bakina, ko da a takarda ne. Ka yafe mini.

Zan tsaya nan, don gobe da sassafe za mu cire irin Inna mu kai dashe kafin in wuce makaranta, kuma ban wanke kayana ba, duk baƙin mai ne. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga ruwan da ba ya yankewa. Sai mun zo.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Zulai