Zoben da Ya Riga Kawu Zuwa Bukuru

Stapleton, New York
Talata, 7 ga Mayu

Mamana abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu Barmo da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Kina shan maganin kuwa, ko sai ranar da ciwon ya motsa? Mu nan lafiya lau, maigidana Yonatan yana gaishe ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Sau biyu na ɗauki wayar na ajiye, don na san in na ji muryarki kuka zai hana ni kai ƙarshen zance. Shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hotonta in turo miki.

Ranar Asabar Yaya Filimon ya ce in raka su sayen zobe, shi da Dokas, 'yar Baba Jang na Bukuru. Da farko raina bai so ba. A littattafan da nake karantawa saurayi ɓoye zoben yake yi, sai yarinya ta waiwaya ta gan shi a durƙushe. A nan kuwa da yawa tare suke zuwa, ta zaɓa, shi ya adana sai ranar da zai tambaye ta. Da na yi ƙorafi, Yaya ya ce shi direban bas ne, ba ya shiga hanyar da bai san inda za ta ɓulle ba.

Muka hau jirgin ruwa a St. George, Dokas ta taho daga Morris Heights ta tare mu a Manhattan, a layin masu sayar da zinariya. Ni na fi su rawar jiki. Na nuna mata wani mai dutse kamar ƙwayar gyaɗa, ta yi dariya ta ce a asibiti wuni take tana sauya safar hannu, wannan dutsen duk sai ya yayyaga su. Ta zaɓi wani siriri mai ɗan dutse a nutse. Mai kantin, wani dattijo, ya gwada yatsanta da tarin zobban ƙarfe kamar makullan sito. Sai ta sa na gaskiyar. Yaya ya riƙe kan yatsunta, ya kasa ɗaga ido. Mama, na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, ban taɓa gani da idona ba sai ranar. Sai na ɗauki hoton hannayensu.

Sun gaya mini shirinsu tun a kantin: zoben zai zauna a durowar Yaya har ke da Kawu ku je gaisuwa gidan Baba Jang a watan Yuni, in ya amsa, sannan Yaya ya tambaye ta. Na ji, Mama, da kunnena na ji. Amma a jirgin dawowa ina ni kaɗai, Yaya ya tafi raka ta, ina kallon ruwa ina kallon hoton, sai na ɗora shi a WhatsApp, na rubuta a ƙasa wai an yi baiko, Allah ya kai mu ranar biki. Ƙawayena na nan kawai nake tunani. Na manta gwaggon Dokas, ta zumuntar mata a cocinsu na Bukuru, tana da lambata.

Ranar Lahadi bayan sujada mata suka kewaye Baba Jang a ƙofar coci suna yi masa barka. Dattijon ikilisiya, ya tsaya yana amsa barkar abin da bai san da shi ba. Da ya koma gida ya kira Dokas. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda an gama komai a Amurka, kada kowa ya wahalar da takalminsa zuwa gidansa.

Dokas ta gaya wa Yaya ba za ta yi aure ba da albarkar mahaifinta ba, tun ranar kuma ba ta ɗaga wayarsa. Shi ko jiya ya zo ya zauna, na sa masa tuwo da miyar karkashi, ya ci loma biyu ya yi godiya ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Mama, ki taimake ni ki je gidan Baba Jang da Kawu, ko ba a buɗe muku ƙofa ba. Ki gaya masa Dokas ba ta raina shi ba, zoben ma minti biyar bai yi a hannunta ba. Ki kira sunana, kada ki rufa mini asiri.

Taki mai neman gafara,
Aminci

Stapleton, New York
Alhamis, 23 ga Mayu

Mamana,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina fata gajiyar hanya ta sake ki. Ki gaishe mini da Kawu, ki ce na ji labarin zaman da aka bar ku kuka yi a tsakar gida kafin a ba ku kujera. Allah ya saka muku.

Kin ce in kira Baba Jang da bakina, na kira shekaranjiya. Na durƙusa a kicin, ko da yake ba ganina yake yi ba. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya shekarata nawa da aure. Na ce ɗaya da rabi. Ya tambaya ko mahaifina, kafin Allah ya ɗauke shi, a waya ya ga baikona. Na ce a'a. Ya ce to na gane, magana ta wuce.

Sharaɗinsa kin riga kin ji: zoben zai zo Bukuru ya kwana a gidansa, a yi gaisuwa yadda ake yi, fasto ya yi addu'a a kai, sannan shi da hannunsa ya ba Kawu a dawo wa Filimon da shi. Yaya ya amince kafin a rufe baki. Anti Elisabet ta cocinmu za ta taho gida ranar Asabar, ita za ta kawo.

Dokas ce na fi jin tsoro. Jiya ta zo daga aiki, da kayan asibiti a jikinta, Yaya yana biye da ita. Ba ta zauna ba. Ta karɓi ɗan akwatin zoben daga hannunsa ta ajiye a gabana, ta daɗe tana kallona, ni kuwa kaina a ƙasa. Sannan ta ce, "Ke za ki naɗe shi, Aminci, tunda ke kika fara aika shi gida." Ban san sanda na rungume ta ba, kuka da dariya suka haɗe mini.

Na naɗe shi a farin hankici, na ɗinke bakin da zare. Anti Elisabet za ta iso Jos ranar Litinin in Allah ya yarda. Ki sanar da Kawu ya shirya.

Taki har kullum,
Aminci