Littafin Hauwa Mai Koren Bango

Daren Laraba, 9 ga Safar, Haɗeja

Yau Zainab, abokiyar karatun Hauwa, ta zo daga Kano yi min ta'aziyya. Da za ta tafi ta ce, "Inna, ina littafinta mai koren bango? Shekara biyu tana neman yadda sinadari zai kama wuri ɗaya tak a haɗin magani, ya bar sauran. Ta dace kafin ta kwanta ciwo, kuma a ciki kaɗai ta rubuta."

Na ce ban gan shi ba. Allah Ya yafe min.

Da kogi ya cika, itace ya jiƙe, da shi na riƙa hura wuta. Zane-zane na gani kamar saƙar zuma, na ɗauka ɓata takarda ce. Kayan sawarta na adana a akwati ina shinshinawa, wahalarta kuwa na dafa tuwo da ita.

Falle huɗu suka rage a bayan murhu. Na goge tokarsu da bakin zanena. Gobe zan kira Zainab in faɗa mata gaskiya. Hauwa, 'yata, ke ce ban san yadda zan faɗa miki ba.