Ki Zo da Ƙaramar Jaka

Tsauni, ranar Lahadi

Zuwa ga ƴata Najaha, a Kwatano.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, amin. Ina sanar da ke jikin mahaifinki, yayana Malam Buraima, ya ƙi daɗi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya tashi sai an tashe shi, ba ya ci sai an ba shi. Yayarki Badariyya ce kaɗai a kansa, ga aikin koyarwa. Mun zauna da dangi, mun ga ya dace idan an ba ku hutun ƙarshen shekara ki tattaro kayanki duka ki taho gida. Jami'a tana nan, ba inda za ta. Ki gaida ɗan'uwanki Sha'ibu in kin gan shi wajen aikinsa na bakin teku. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki, Alhaji Munkaila

Matamaye, ranar Laraba

Najaha ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya karatu, ya gumin Kwatano? Da hannu na rubuta wannan na ɗauki hotonta, domin saƙon murya a gidan nan na jama'a ne, har maƙwabta suna ba da amsa.

Na ga takardar Baffa. Ki zo. Baba yana nemanki, da ido dai, don bakin ya yi nauyi. Amma tunda wannan ce tafiyarki ta farko ke kaɗai, ga abin da na koya a hanyar Dakar lokacin da nake jami'a. Shi ne kaɗai ilimin da na samo can wanda har yau yake da amfani.

Ki yanki tikiti tun kafin ranar, mai arha, kada ki ji kunya. Bas mai tsada da mai arha rami ɗaya suke faɗawa. Ki nemi kujerar tsakiya. Ta baya tana kan taya, kafin Faraku kin san sunan kowane ƙashi a jikinki. Ta gaba kuma tana ƙarƙashin lasifika, kiɗan da direba yake so ne zai raka ki har iyaka. Ki riƙe zani mai kauri: in na'urar sanyi tana aiki za ki daskare, in ba ta aiki kya shimfiɗa shi ki zauna a bakin hanya lokacin da ake gyara.

Ruwa kurɓa-kurɓa, don direba ba ya tsayawa saboda marar kowa sai tasa. Guzuri busasshe: burodi, dabino, gyaɗa. Miyar tasha tana da ƙamshi, na sani. Ki shaƙa ki wuce.

Da kin shiga, ki nemi tsohuwa ki gaishe ta da kyau, ki ɗaga mata kaya. In an tsaya salla motocin duk kamarsu ɗaya, kuma tsohuwa ce kaɗai za ta iya tsayar da bas da baki idan ya tashi babu ke. Katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, katin ɗaliba da takardar allurar rigakafi su kwana a jikinki, ba cikin jaka ba. Wurin bincike ki miƙa takarda, kada ki miƙa zance. A Malambil, tunda gadar kogin iyaka ba ta buɗe ba, kwale-kwale za ki shiga zuwa Gaya: waya cikin leda, jaka a cinya, ido kan tsallake. Daga Maraɗi ki fara gaya wa yaron mota a Takeita za ki sauka, ki sake gaya masa a Tasawa, in ba haka ba ki farka a Damagaram. Taksin Matamaye kuma ba ta da lokaci, sai ta cika. Kada ki tambaya, za su ce yanzu.

Saura biyu, su ne dalilin wasiƙar.

Ki zo da ƙaramar jaka. Littattafai, katifa, tukunya, duk ki bar su a ɗakinki. Mutanenmu ba sa tambayar mutum ko zai koma, kayansa suke dubawa. Ni na zo jinyar Inna da babban akwatina mai taya, saura shekara guda in gama karatu. Inna ta rasu, akwatin yana bisa durowa har yau. Babu wanda ya hana ni komawa. Ranar da ta dace ce ba ta zo ba.

Na biyu, kada ki gaya wa ɗan Matamaye ko ɗaya ranar tafiyarki. Kin san mu da saƙo. Wanda bai taɓa gaishe ki ba zai zo da buhu ya ce ɗan ƙulli ne.

Baba ya ci kunu yau. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki, Badariyya

Doso, bakin hanya

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri, tun kafin ki ji. Ina zaune kan zanin da kika ce, ana gyaran taya.

Wallahi mutum ɗaya na gaya wa. Sha'ibu ne, kuma ɗan Baffa ne, ta yaya zan taho ban yi masa sallama ba? Da na isa tasha na tarar da rabin Matamaye suna jirana. Ban san muna da yawa haka a Kwatano ba. Jarkar manja ta Hajiya Saratu daga ɗanta. Buhun gari. Atamfofi na masu biki. Wani ya kawo fanka, ya ce ai ba ta da nauyi, iska ce. Kowa sai ya ce, "Ƴar Malam Buraima, don Allah," ni kuma bakina ya kasa cewa a'a. Jakata ƙarama ce, Yaya, kamar yadda kika ce. Tana can ƙarƙashin sauran.

A kogi sai da mai kwale-kwale ya tambaye ni ko amarya ce. Manjan ya tsiyaye mini a zani. Tsohuwata kuwa Allah ya saka mata, ƴar Ƙonni ce, ta tsayar da bas a Kandi ina cikin alwala, har direba ya ba ta haƙuri.

Abin da ke damuna, Baffa ya ce zai tarye ni a Takeita. Zai ga kayan nan ya ce na taho ke nan. Kuma gaskiya, in na ga Baba ban san ko zan iya juyawa ba. Ke fa? Ke kaɗai har yaushe?

Caji ya kusa ƙarewa. Ki gaida Baba, ki ce ina hanya.

Ƙanwarki, Najaha

Matamaye, bayan hutu

Zuwa ga Baffa Alhaji Munkaila.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kun wuni lafiya, ya damina, ya mutanen Tsauni? Baba yana samun sauƙi daidai gwargwado. Zuwan Najaha ya yi masa daɗi, har ya kira sunanta, wanda ni da nake juya shi safe da yamma ban samu ba tukuna.

Ina sanar da ku Najaha ta kama hanyar Kwatano jiya da safe. Na san kun faɗa a gaban dangi cewa ta dawo ke nan, kun ma yi mata addu'a a Takeita da kuka ga yawan kayanta. To, kayan na mutane ne, kuma kun san al'adar garin nan: wanda aka kawo wa saƙo sai ya mayar da wani. Ko ta yaya labari ya bazu cewa hutunta ya ƙare, sai ga jama'a. Hajiya Saratu ta kawo daddawa da kuka na ɗanta. Liman ya kawo rubutu a jarka, na jikarsa mai ciki, ya ce ya isa kafin watan haihuwa. Masu kilishi, masu yaji, masu ƙuli-ƙuli, zaure ya cika har babu wurin shimfiɗa tabarmar masu dubiya. Kowa da hannunsa ya damƙa mata, ya ce amana.

Na ce mata ta dakata mu ji ta bakinku. Sai ga ɗan aike daga gidanku da ƙullin maganin basir na Sha'ibu, da kuka ce a ba duk mai tafiya Kwatano, kada ya kwana biyu. Na duba garin nan kaf, Baffa, ban ga mai tafiya Kwatano ba sai ita. Ban ga kuma yadda za mu bi gida-gida muna mayar wa mutane amanarsu ba, har da ta Liman, har da taku. Sunan gidanmu ne zai ɓaci, kuma ku kuka koya mana tsare shi.

In ta isa can kuwa, ga rajistar sabuwar shekara ta zo, na ga kamar asara ce ta juyo.

Batun jinya kuma, na ji daɗi da kuka ce nauyin na dangi ne duka. Ranakun da nake aji tun safe su ne Litinin da Alhamis. Duk wanda za ku turo, ɗaki yana nan a share.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ƴarku, Badariyya

Kwatano, ranar Asabar

Yaya,

Na iso lafiya, ƙafafuna kamar turmi. Na raba saƙo duka, rubutun Liman bai zube ba, na yi rajista.

Ɗan Hajiya Saratu ya tona ki. Ya ce uwarsa ta ce ranar kasuwa ke da kanki kika bi gidaje cikin rana, kina cewa, "Najaha za ta koma, ko akwai saƙo?" Har Tsauni kika aika a tambayi matar Baffa lafiyar Sha'ibu. Ke da kika ce kada a gaya wa kowa.

Na yi kuka daga Takeita har Tasawa, wata tsohuwa ta ba ni goro. Akwatinki da kika zuba mini kayan a ciki yana nan, har yanzu da takardar tashar Dakar manne a hannunsa. Da wa zan aiko miki shi? Kuma wa ke kama miki Baba in za a juya shi?

Ƙanwarki, Najaha

Matamaye, ranar Litinin

Najaha,

Sannu da hanya. Ki jiƙa ƙafafun a ruwan ɗumi.

Baffa bai amsa ba, bai kuma turo kowa ba tukuna. Na koyi juya Baba da zani, ba sai an kama mini ba. Ya ci tuwo jiya.

Akwatin kada ki aiko. Ki zuba littattafai a ciki, saman durowar ya fi kyau babu shi.

In hutu ya zo, ƙaramar jaka. Kuma ki gaya wa kowa ranar tafiyarki.

Yayarki, Badariyya