Ni Na Ɗora Hoton Yayata Riƙe da Kofin Inabi

Assalamu alaikum Anti Turai. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi tsawo, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da Hausata kuma. A Riyad aka haife ni, a bakin Umma da littattafan soyayya na koye ta, sau da yawa Larabci ke riga ta zuwa bakina.

Shekarata sha bakwai. Babana mutumin Damagaram ne, direban babbar mota a wani sito da ke unguwar Sulai nan Riyad tun kafin a haife ni. Mu biyu gare shi, ni da yayata, bari in kira ta Zaituna. Bara ta auri wani Bakano, shi kuma in kira shi Ghali, yana aiki a kamfanin tura kaya. Auren so ne, irin wanda nake karantawa.

Ni dai Anti ba na iya magana cikin mutane, ko baƙi suka zo ɗaki nake shigewa, amma a zuciyata na gama zaga duniya. Sau ɗaya na taɓa ganin teku, da muka je Umara muka biyo ta Jidda, shi ma ta tagar bas, wani shuɗin layi da gine-gine suka haɗiye kafin in gama kallo. Kafin aurenta ni da Zaituna mukan hau saman gidanmu mu yi ta lissafa inda za mu je: Istanbul, Zanzibar, da tsibiran Girka masu fararen gidaje. Ta yi mini alkawari in ta riga ni tafiya za ta zame mini ido.

To ta riga ni ɗin. Bayan wahalar biza da ta kusa sa su haƙura, Ghali ya kai ta yawon hutu a babban jirgin ruwa, irin mai tsayawa tsibiri-tsibiri. Ta cika alkawari, kullum sai ta turo mini hotuna. Ranar da abin ya faru ta turo ɗaya da ya fi duka: suna zaune a gonar inabi a kan tudu, teku a bayansu, ganguna na katako a gefe, kowa riƙe da kofi mai dogon wuya da jan abu a ciki, iska ta ɗaga gefen mayafinta, Ghali yana kallonta kamar ita kaɗai Allah ya halitta. Sai da na yi hawaye. Ban tambaye ta ba, na ɗora a sitatus, na rubuta Allah ya nuna mini nawa.

Wallahi Anti ban sani ba. A nan in ana biki a istiraha, wato gidan taro da ake haya, ana kawo kwalabe masu dogon wuya da takardar zinariya a baki, a buɗe su yi ƙara su yi kumfa, kuma ruwan inabi ne zalla, har yara ake zuba wa. Ni ban taɓa ganin giya da idona ba. Gangunan ma na ɗauka ado ne.

Bachir ɗan Gwaggo Delou, da ya taɓa aikin otel a Kwatano, shi ya gane wurin ɗanɗanon giya ne. Ya kwafi hoton ya jefa a gurup ɗin dangi. Kafin in goge, hoton ya je Damagaram ya dawo Sulai. Bayan la'asar, a wurin mai shayin da direbobi ke zama, wani abokin Baba ya tambaye shi gaban kowa wai tsarabar surukin nasa a kwalba za ta zo ko a ganga. Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce wadda ta riƙe kofin nan kada ta sake taka masa ƙofar gida, kuma in ya tabbata Ghali yana sha, to ya gama zama da 'yarsa.

Zaituna ta kira ni tana kuka ta gaya mini komai. Zuwa gonar yana cikin tsarin jirgin, su sun zaci tsinkar inabi za a nuna musu. Da suka je sai aka zaunar da su a tebur, aka jera wa kowa kofuna, ga wani bokiti a tsakiya. Yani al'adarsu ce wai, a juya kofi, a sunsuna, a kurɓa, a tofar a bokitin. Ita ta ce ba ta sha, aka kawo mata ruwan inabi, shi ne a hannunta. Amma Ghali, tsohon mai gonar ne ya zuba masa da hannunsa ya tsaya a kansa yana murmushi, kunya ta hana shi ƙi, ya kurɓa ya tofar. Ta roƙe ni in rufa musu asiri, ta kashe waya. Tun daga nan ba ta ƙara ɗaga kirana ba.

Baba ya san ba ta ɓoye mini komai, ya kuma san ban iya ƙarya ba, in na gwada i'ina nake yi. Ya tambaye ni abin da ta ce, na fashe da kuka. Ya ba ni zuwa Juma'a, ranar da za su sauka. In na faɗi duka, na wanke ta na kashe mata aure. In na faɗi nata kawai, zai ce shi fa? In na yi shiru, zai ɗauka duka sun sha. Umma sai kallona take tana sauke numfashi. Littattafan ma na kasa buɗewa, a cikinsu kullum wani ke zuwa ya gyara komai a shafin ƙarshe, ni kuwa babu mai zuwa. Yaya zan yi?

Mai son ganin teku, Riyad

AMSA

Wa alaikis salam 'yata. Share hawayenki, Hausarki ta isar da saƙo sarai.

Ki ɗauki naki laifin daidai girmansa, kada ki ƙara masa. Rashin sanin giya ba abin kunya ba ne, shaidar gidan da kika tashi ce. Inda kika kuskure shi ne ɗora hoton da aka turo miki ke kaɗai ba tare da tambayar masu shi ba. Wannan za ki nemi yafiya a kansa. Sauran kayan kuwa ba naki ba ne. Ghali ya yi kuskure, kunyar baƙo ba ta halasta abin da Allah ya haramta, kuma da sun bincika tsarin tafiyar tun a gida da ba su zauna a teburin ba. Bachir kuma ya ga abin rufewa ya kai shi kasuwa.

Kada ki ga baƙin mahaifinki. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a ƙasar wasu ba shi da gona a nan, ba shi da gida, sunansa kaɗai ya tara, shi aka taɓa gaban abokansa. Maganar da ya yi ta zafin ciwo ce, kuma wanda ya yanke hukunci ba ya ba da wa'adi zuwa Juma'a. Ƙofa yake nema.

Tun yau ki rubuta wa yayarki, tunda ba ta ɗaga waya. Ki ba ta haƙuri ba tare da kare kanki ba, ki gaya mata ba za ki tona mijinta ba, ba kuma za ki yi wa Baba ƙarya ba. Ki ce Ghali ya kira Baba da kansa kafin su sauka, ko ya samu dattijon da Baba ke jin nauyinsa su zo tare. Kurɓar da ya faɗa da bakinsa yana mai nadama ba ɗaya take da wadda aka jiyo daga ƙanwar matarsa ba. Uba yana iya yafe wa surukin da ya durƙusa gabansa, amma da wuya ya sake yarda da wanda ya ɓuya bayan yarinya.

Ke kuma kada ki jira Juma'a ta same ki. Ki sa Umma ta zauna kusa da ke, ki gaya wa Baba abu biyu kawai: Zaituna ba ta sha ba, ruwan inabi ne a kofinta, abin da ya shafi Ghali kuwa, shi ya fi cancanta ya amsa, ya tambaye shi. In ya matsa, ki maimaita cikin ladabi. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuma tonon asiri ba. In i'ina ta kama ki, ki bar ta ta kama, ya san muryar gaskiyarki.

Ba zan ce miki komai zai warware ranar Juma'a ba. Zaituna tana iya ɗaukar lokaci kafin ta sake turo miki hoto. Ki jure, jini ba ya tsinkewa a kan kofi ɗaya.

Batun teku kuma, kada ki binne shi, ba ita ta yi laifi ba. In ƙura ta lafa, wata rana ki kai wa Baba shayi ki tambaye shi yadda ya baro Damagaram yana saurayi, da abin da ya ji ranar da ya fara hango Bahar Maliya. Son tafiyar nan ba a littafi kika tsinto shi ba, 'yata, gado ne.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifinki, ya riƙa wa yayarki aurenta, ke kuma ya kai ki bakin teku da ƙafarki.

Anti Turai